Tarakta Ta Tsaya Ana Tsakiyar Huɗa: Wurin Mai Walda Za a Je Ko Shagon Kamfani?

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Kano ko Katsina ko Zazzau, kwanakin da manomi ke da su na huɗa da shuka ƙidayayyu ne. A cikin kwanakin nan ne kuma tarakta ta fi lalacewa, domin lokacin ne ake tatsar ta, tun asuba har bayan magariba, daga gonar wannan zuwa ta wancan. Ƙarfen da ke riƙe da faifan haro ya tsage, ko boris ya ci, ko haƙorin giya ya guntule. Nan take gardamar kowace shekara ta tashi: a kira mai walda ya ɗinke abin a koma aiki yau, ko a ajiye mota a aika Kano ko Kaduna, wani lokaci har Legas, a nemo na kamfani?

A ƙarƙashin wannan akwai tambayar da ta fi ta girma. Maƙera da masu walda da kanikawan garuruwanmu, su ne ginshiƙin noman inji a ƙasar nan, ko kuwa su ne ke gajarta wa injuna kwana? Ina da inda na karkata, ba kuma zan ɓoye ba. Sai dai kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Hujjar farko ta masu goyon bayan gareji ita ce lokaci. Mai tarakta a ƙauye galibi ba gonarsa kaɗai yake yi wa aiki ba. Ya karɓi kuɗin mutane tun kafin ruwa ya sauka, an rubuta sunaye, kowa yana jiran layi ya zo kansa. Idan motar ta yi mako guda a tsaye, asarar ta kowa ce. Masarar da aka shuka a makare ba ta cika ba da abin da ta farko ke bayarwa ba, wanda kuma danshin farko ya wuce shi sai ya jira wani ruwan da Allah kaɗai ya san ranar zuwansa. Mai walda yana bakin kasuwa, zai ɗora janaretansa a bayan a-kori-kura ya zo har gona. Shagon kamfani yana birni, kuma sau da yawa amsar da ake samu ita ce, "Babu a ƙasa, Alhaji, sai an yi oda." Manomin da ya taɓa jin wannan amsa a watan Yuni ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin mai walda.

Sai kuɗi. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kusan duk kayan gyaran tarakta daga waje suke zuwa, daga Indiya da Pakistan da Turkiyya da Sin da Ingila, don haka farashinsu ya bi dala sau da ƙafa. Ga tsadar man gas. Wanda ke da tsohuwar Massey Ferguson ɗaya, yana ci da iyalinsa da ita, ba zai iya canza duk abin da ya tsage da sabo ba. Idan an ce masa na kamfani ko babu, to babu ɗin zai samu.

Amma hujjar da ta fi kama ni ta tarihi ce. A ƙarshen shekarun 1970 an kafa kamfanin Steyr a Bauci don haɗa taraktoci da manyan motoci, an kafa wani a Kano da haɗin gwiwar Fiat. Jihohi sun buɗe ofisoshin ba da hayar tarakta, aka cika harabobinsu da motoci a zamanin shirye-shiryen bunƙasa noma na Obasanjo da na Shagari. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan irin waɗannan ofisoshi ya san abin da ya rage: taraktoci a jere, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta cikin inji. Da yawansu abin da ya tsayar da su bai taka kara ya karya ba. Wani ƙaramin abu ne aka rasa, ko aka jira takardar amincewa ta fito daga hedikwata, har aka fara kwance wannan ana gyara waccan, daga ƙarshe duka suka mutu.

Dubi garmar shanu a gefe guda. Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da noman shanu Arewa tun ƙarshen shekarun 1920, garmar Emcot kuma ta bazu har ta zama ta kowa. Yau kusan shekara ɗari ke nan tana aiki. Dalili shi ne maƙera sun karɓe ta. Je ka maƙera a kasuwar ƙauye ana gab da damina ka gani. An sayo sifirin na tsohuwar babbar mota a hannun 'yan gwangwan, an yanka shi gwargwadon bakin garma. Yaro yana zuga, maƙerin ya riƙe ƙarfen da awartaki yana juya shi cikin garwashi har ya yi jawur. Ya ɗora kan uwar maƙera, mai masaɓa ya sauke, shi kuma yana bi da ƙaramar guduma yana nuna inda za a buga. Idan bakin ya fita, ya sake mayar da shi wuta, ya zuba wa launinsa ido, sannan ya tsoma shi cikin baƙin mai ko ruwa. Bai taɓa jin yawan sinadarin kabon da ke cikin sifirin ba, amma ya san shi ne ƙarfen da ke riƙe kaifi a ƙasa mai tsakuwa, ya san rodin gini ba ya yi, ya san idan ya wuce da wuta bakin zai fashe a huɗar farko. Manomi ya biya, ya ɗaure a bayan keke, gobe da sassafe shanu suna gona.

A Nijar ma haka abin ya kasance. Wuraren ƙera kayan noma da aka kafa, irin su ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram da CDARMA a Dosso, sun fitar da amalanke da garemanin dabbobi, kuma abin da ya sa kayan suka zauna shi ne masu walda na kasuwa sun koyi yin irinsu da gyara su.

Abin bai tsaya ga garma ba. A kasuwar Panteka ta Kaduna da yankin Ƙofar Ruwa a Kano, da ɗaruruwan rumfuna a garuruwa kamar Funtuwa da Kura da Gusau, ana ƙera injin ɓarar masara, da injin casar shinkafa, da na sussukar dawa, da na niƙa, da tirelar da tarakta ke ja. Ana sayen ƙaramin injin dizal ɗan Sin ko ɗan Indiya, sauran jikin kuwa a nan ake yanka shi a haɗa. Masu wannan aiki suna da abin da injiniyan wata ƙasa ba shi da shi: manomin da ya saya zai dawo gobe ya ce rariyar tana toshewa, ko ƙaiƙayi yana bin tsaba, su kwance su gyara, na gaba da za su ƙera ya fi wannan. Ga kuma yaran da ke koyon sana'a a ƙarƙashinsu, waɗanda ba don rumfar ba da suna bakin titi.

To, sai mu saurari ɗaya ɓangaren. Kada a ɗauka 'yan boko masu raina aikin hannu ne kaɗai a cikinsa. Akwai manoman da suka ɗanɗana kuɗarsu, akwai ma tsofaffin kanikawa da ke girgiza kai idan suka ga abin da yaran yanzu ke yi.

Abin da suke faɗa na farko shi ne ƙarfe ba ɗaya ba ne, amma a mafi yawan rumfuna sandar walda iri ɗaya ce ake yi wa kowane ƙarfe aiki da ita, wadda aka yi don ƙarfen ƙofa da taga. Faifan haro ƙarfe ne mai tauri da aka gasa a masana'anta bisa ƙa'ida. Idan aka kai masa wutar walda, gefen ɗinkin yakan yi gautsi, ya sake tsagewa a kusa da wurin, wani lokaci tun kafin a gama kadada ɗaya. Gidan giya da jikin inji kuwa ƙarfen zubi ne, wanda ba ya son zafi na farat ɗaya. Mai walda da ya san aikinsa zai fara huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya ɗumama ƙarfen gaba ɗaya, ya nemo sanda mai sinadarin nikel, ya riƙa ɗinki guntu-guntu yana ɗan bubbugawa da guduma, sannan ya binne abin cikin toka ko yashi ya huce a hankali har gobe. Wannan aiki ne na yini guda, kuma sandar tana da tsada. Wanda bai sani ba, ko wanda mai mota ke tsaye a kansa yana duba agogo, zai lafta ɗinki a minti goma, ya watsa ruwa, a ji ƙarfen ya yi ƙas. Tsaga ɗaya ta zama uku.

Misalin da ya fi ci mini rai shi ne na wani ɗan noti. A bayan tarakta akwai sandar ƙarfe da ke juya injunan da ake haɗa mata, tana juyi 540 a minti ɗaya a yawancin taraktocinmu. Masu ƙera ta sun sa wani noti a mahaɗar da gangan don ya karye idan injin ya ci karo da dutse ko kututture. Karyewarsa ita ce ke ceton giya. Sai a samu notin ya karye sau biyu a yini, mai mota ya gaji, bakanike ya ce, "Alhaji, wannan notin ne ke ba ka wahala, bari in sa maka wanda ba zai sake karyewa ba." Ya nemo noti mai tauri, ko ya yanko rodi ya like shi da walda. Alhaji ya yi godiya har da ƙarin na goro. Ranar da aka sake cin karo da kututture, notin ya tsaya daram, haƙoran giya suka zube. An tsere wa kashe ɗari biyar an faɗa kashe dubu ɗaruruwa. Bakaniken ba mugu ba ne, kuma hannunsa yana da kyau. Ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin da ya sa aka yi notin da rauni. Da yawa ma ba su san lambar da ke kan noti, 8.8 ko 10.9, ƙarfinsa take nunawa ba.

Akwai kuma sassan da ido da hannu ba sa iya auna su ko da mutum ya kai gwanin gwanaye. Tazarar da ke tsakanin sassan famfon da ke harba man gas cikin inji ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Irin wannan ana buɗe shi ne a ɗaki mai tsabta, a gwada shi a kan na'urar gwaji. A wurinmu sau da yawa a kan buhu ake baje shi a ƙasa, iska tana kaɗo ƙura. Motar za ta tashi, amma za ta riƙa hayaƙi, tana shan mai fiye da kima, ƙarfinta ya ragu, mai ita kuma bai san cewa duk jarkar da ya zuba yana biyan kuɗin wancan gyara ba. Haka ƙarfen tsakiyar inji da fistin ke juyawa: idan za a rage shi, ana ragewa ne da awo, kashi ɗaya cikin huɗu na milimita a kowane mataki, a sa masa abin da ya dace da sabon kaurin. Wanda ba shi da ma'auni sai ƙiyasi, inji kuwa ba ya yafe ƙiyasi.

Injunan da ake ƙerawa a gida ma ba su tsira daga zargi ba. Gangar da ke juyawa cikin injin casa, idan nauyinta bai daidaita ba, za ta riƙa girgiza har ta cinye boris ta tsattsage ɗinki. Idan gudunta ya yi yawa ko tazararta da rariya ta matse, shinkafa za ta fito a kakkarye, mai saye a kasuwar Dawanau ya rage farashi, wanda ya ajiye iri kuma ya ga bai tsira da kyau ba. Faifan injin niƙa da aka zuba da tarkacen ƙarfen da ba a san asalinsa ba yana cinyewa da sauri, garin ƙarfen kuma ba wani wuri yake zuwa ba illa cikin tuwon mutane. Sannan babu biyu da suke daidai. Rumfa ɗaya ta ƙera injuna goma, ba za ka cire abu daga na farko ka sa a na biyu ya zauna ba, domin ba zane aka bi ba. Idan maƙerin ya rasu ko ya tashi daga garin, mai injin ya zama maraya.

Batun rai da lafiya ya fi duk waɗannan. Bel da fuli a buɗe ba murfi, a wurin da mata ke aiki da mayafi, maza da manyan riguna. Yara masu koyo suna walda da baƙin gilashin kasuwa, dare ya yi idanu su kama zogi kamar an zuba yashi. Ana kai wuta jikin tankin mai da ba a wanke ba. Ana walda a jikin wili taya tana ɗaure, alhali zafin yana iya sa ta fashe ta kashe na kusa. A kan waɗannan ba ni da wata kariya da zan ba gareji, kuma ba na son a nemo masa.

Duk da haka, idan na ɗora hujjojin biyu a sikeli, ɓangaren gareji ne ke rinjaye a wurina, ga kuma dalilaina.

Masu cewa a sayi na kamfani suna magana kamar na kamfanin yana nan a ajiye yana jiran mai kuɗi. Kasuwar kayan gyara cike take da jabu. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, amma boris ɗin da ke ciki ba zai kai kaka ba. Manomi yakan biya kuɗin na asali ya tafi gida da na bogi, kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Mai walda na garinsu ko ba komai ya san gidansa, suna haɗuwa a masallaci, idan aikin bai yi ba zai koma masa. Shi ya sa wasu kanikawa ke fifita tsohon abu da aka kwanto daga matacciyar mota a kan sabon da ba su yarda da shi ba.

Sannan ana ɗora wa mai gyara laifin da ba nasa ba. Mafi yawan abin da ke kashe tarakta a ƙasar nan yana faruwa ne kafin ta isa gareji. Baƙin mai ya wuce lokacin juyewa. Filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu, direba ya cire ta gaba ɗaya don motar ta ja. Man gas da aka saya a bakin hanya cikin jarka mai ruwa da datti. Giris da ba a sa ba. Direban da ake biya bisa yawan gonakin da ya gama, don haka yana gudu da haro a cikin saura mai kututture da ba a tone ba. Motar da aka yi wa haka, ko injiniyoyin da suka ƙera ta aka kawo, ba za ta daɗe ba. Ta iso rumfa a galabaice, mai ita ya ce, "Oga, a ɗan taɓa ta kawai ta kai mu kaka," ya kuma ƙi biyan kuɗin gyaran ƙwarai. Idan ta mutu a ce mai walda ne.

Abu mafi muhimmanci shi ne, duk aibin da aka lissafa a sama, in ka duba da kyau, na rashin kayan aiki ne da rashin wani ilimi ƙayyadadde, wanda ana iya koyar da shi cikin makonni. Wanda ya iya gane zafin ƙarfe da launinsa ba zai kasa gane bambancin sandar walda uku ba idan aka nuna masa. Wanda ya kalli injin casa ɗan waje sau ɗaya ya ƙera irinsa ba zai kasa karanta ma'auni ba. Aibin dogaro da waje kuwa ba a gyara shi da horo, domin ba mu ke da dala ba, ba mu ke da jirgin ruwa ba.

Wannan ba ya nufin komai a kai wa mai walda. Akwai iyaka, kuma kanikawan kirki sun san ta. Firam, da tirela, da bakin garma, da haƙoran rija, da jikin injin casa, da duk abin da yake ƙarfe ne mai ɗaukar nauyi ko mai shiga ƙasa, wannan fagen gida ne, kuma babu dalilin kashe dala a kansa. Famfon mai, da nozul, da cikin inji, da famfon da ke ɗaga garma, da birki, da ƙarfen da ke kare direba idan mota ta kife, waɗannan sai wurin mai na'urar gwaji ko kuma a sa sabo. Bakaniken da zai dubi Alhaji ya ce, "Wannan ba aikina ba ne, kai shi wurin wane a Kano," ya fi wanda ke karɓar komai daraja, ko da a ranar ya rasa kuɗin cefane.

Inda gardamar ta fi nauyi shi ne wajen kuɗin gwamnati. A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka sayo daga Belarus, jihohi ma kowace tana sayo nata daga inda ta ga dama. Ba na adawa da sayen tarakta, muna da ƙarancinta ƙwarai. Damuwata ita ce kowane sabon samfuri yana zuwa da nasa noti da nasa filta da nasa boris, alhali abin da kanikawanmu suka sani kamar tafin hannunsu shi ne Massey Ferguson da 'yan uwanta, waɗanda ake samun kayansu a kowace babbar kasuwa. Idan ba a haɗa kowace kwangila da rumbun kayan gyara a kusa da manoma, da littafin gyara, da horar da kanikawan da ke ƙasa ba, to harabobin da muka gani a baya za a sake cikawa.

Akwai kuma sabon haɗari da ke tafe. Manyan taraktocin zamani kwamfuta ce ke sarrafa su, wasu kuma ba sa yarda a gyara su sai da manhajar kamfani. A Amurka wannan ya zama rigima babba. A watan Janairun 2023 kamfanin John Deere ya sa hannu a wata yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar kan ba su damar gyara injunansu, a shekarar ce jihar Kolorado ta kafa dokar da ta ba manoma wannan haƙƙi, sannan a Janairun 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta tarayya ta kai kamfanin kotu a kan batun. Idan manomin Amurka, wanda wakilin kamfani ke kusa da shi, sai da ya yi faɗa kafin a bar shi ya buɗe motarsa, ina ga manomin Bunkure? Duk jami'in da zai sayo mana inji ya kamata ya fara tambayar ko bakanike mai sifana da ma'auni zai iya gyara shi, kafin ya tambayi ƙarfin dokinsa.

Ƙarfen kansa ma matsala ne. Kamfanin Ajakuta, wanda aka ƙulla kwangilarsa da Tarayyar Sobiyet a 1979, har yau bai ba ƙasar nan ƙarfen da aka gina shi dominsa ba. Masana'antun da aka kafa a Katsina da Jos da Oshogbo rodin gini aka shirya su yi. Saboda haka maƙerin kayan noma ya dogara ne ga gwangwan, ga gwangwan ɗin ma manyan motoci suna kwashe shi zuwa masana'antun narkarwa, farashinsa yana hawa. Ba a yi adalci ba idan aka ce wa mutum ya yi aiki mai inganci da ƙarfen da shi kansa bai san daga jikin me aka yanko shi ba, a rumfar da wutar lantarki ke zuwa sa'ad da ta ga dama.

Abin da za a yi ba ya bukatar sabuwar ma'aikata. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da cibiyar injunan noma ta ƙasa da ke Ilorin sun daɗe suna zana injuna suna gwada su. Zanen nan ya fita daga ofis ya isa Panteka da Ƙofar Ruwa, da awo a rubuce da bayani cikin Hausa, yadda injin casar da aka ƙera a Kura zai karɓi boris da fuli iri ɗaya da wanda aka ƙera a Gusau. Kwalejojin fasaha su buɗe ajin rani na gajeren lokaci ga masu rumfa, lokacin da aiki ya yi sauƙi, a koya musu nau'o'in ƙarfe da sandunan walda da karanta ma'auni, ba tare da an tambaye su takardar sakandare ba. Daga kuɗin taraktoci kaɗan cikin dubunnan da ake sayowa, ana iya ajiye na'urar gwajin famfo da injin sassaƙa ƙarfe a kowace cibiyar noma, a damƙa su ga ƙungiyar masu sana'a su riƙa biya suna amfani.

Su ma masu sana'ar akwai nasu nauyin, kuma a nan masu suka suna da gaskiyar da ba zan rage mata komai ba. Kusan kowace kasuwa tana da ƙungiyar masu walda da ta kanikawa, da shugabanni da ake jin maganarsu, a wasu garuruwan har da Sarkin Maƙera. Waɗannan suna da ikon da jami'in gwamnati ba shi da shi. Su hana walda a jikin wili mai taya da tankin da ba a wanke ba, su ci tarar wanda ya yi. Kada oga ya karɓi yaro sai ya tanadar masa gilashin walda na ainihi. Kada inji ya bar rumfa bel ɗinsa a buɗe. Duk wanda ya ƙera injin casa ko na niƙa ya buga sunan rumfarsa da shekarar da ya yi shi a jikin ƙarfen, ya kuma yarda cewa idan ɗinkinsa ya buɗe kafin a gama kakar farko, gyaran a kansa yake.